Shi Ya Kwance Wayar, Ni Aka Tura Kurfi

An yi mini ƙage a gaban jama'a, an ci mini mutunci a gaban surukina, kuma wanda ya yi mini haka ya san sarai hannunsa ne ya yi ɓarnar, ba nawa ba. Wannan abu har in koma ga Ubangijina ba zai fita daga raina ba. Ba zan kama sunansa ba. Ba tsoronsa nake ji ba, 'ya'yansa nake dubawa, su ba su yi mini komai ba.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Ina masinja a wani ofishin aikin gona a Dutsin-Ma. Karatuna bai yi nisa ba, na dai leƙa sakandare na fito, amma ina karanta abin da ke bayan ambulan, kuma ban taɓa kai takardar wani ga wani ba. Da safe ni ke share ofis. Sai in ɗan yayyafa ruwa a siminti don ƙura ta kwanta, sannan in sa tsintsiya. Haka na tarar ana yi, haka nake yi, ba wanda ya taɓa ce mini kanzil.

Sai aka kawo mana kwamfuta guda huɗu. A lokacin ba kowane ofis ke da ita ba, mutane har leƙowa suke ta taga su ga talabijin ɗin da ake rubutu a ciki. Aka sa ɗaya a teburin Madam, mai buga mana takardu, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna, kuma a jikin tata aka haɗa injin da ke fitar da takarda. Ɗaya a ɗakin akanta, ɗaya a ɗakin malaman gona, ta ƙarshe a ofishin Manaja, can ƙuryar gini. Wanda ya haɗa su wani injiniya ne Bayarabe, haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa kamar ni. Ni na riƙe masa tsani, shi ya sa na ji bayaninsa.

Ya ce, "Malam, waɗannan babu uwa babu 'ya a cikinsu, duk kansu ɗaya. Kowace tana iya karɓar aiki daga 'yar'uwarta. Ka ga baƙar wayar nan? Ita kaɗai ta bi ta bayansu duka, kamar igiyar da Fulani ke jera 'yan maruƙa a jikinta. A bayan kowace akwai ɗan ƙarfe mai baki uku, a kowane ƙarshen wayar kuma akwai 'yar hular ƙarfe. In wayar ta rabu a ko'ina, ko hular nan ta fita, duka huɗun sun daina jin juna."

Da farko matsalolin ƙanana ne, har dariya suke ba mu. Akanta zai turo aiki takarda ta ƙi fita, ya yi ta bambami, ashe Madam ta kashe tata ta tafi cin abinci. Ko a ɗauke wuta, a tada janareto, a kunna uku a manta da ɗaya. Injiniya ya gaji da zirga-zirga daga Katsina, ya ce kafin a kira shi a fara duba wuta, a duba ko wadda ake nema a kunne take, a taɓa wayar a ji ko ta yi sako-sako. In duk wannan lafiya, a kashe a sake kunnawa. Da haka aka zauna lafiya har damina ta kawo kai.

Da aka fara rabon taki sai wani sabon ciwo ya ɓullo. Ana cikin aiki duka su ɗauke wa juna, can an jima su dawo da kansu kamar ba su ba. Aka aika wa Injiniya, ya zo ya tarar da komai lafiya, ya koma. Aka sake kiransa, haka dai. Manoma kuwa daga Dabawa da Rawayau da Ɗantutture sun cika gindin itacen bedi da ke gaban ofis suna jiran takardar da za su kai sito a ba su taki. Ruwa ya sauka, gero ya fito, kowa ya san in lokacin zuba taki ya wuce ya wuce ke nan.

Ran da abin ya faɗo kaina, tun da hantsi takarda ta ƙi fita. Manoma suka fara hayaniya, wasu har sun miƙe tsaye. Manaja ya fito bakin baranda, ya dubi taron, ya dube ni. Wallahi na ga lokacin da dabarar ta zo masa, a idonsa na gani.

"Kai! Zo nan. Ban hana ka zuba ruwa a ɗakunan nan ba?"

Na ce, "Yallaɓai, ai ba ka taɓa..."

"Rufe mini baki, jahilin banza! Jama'a, kun ga wannan? Shi ya hana ku taki. Kullum sai ya jiƙa wayar inji da ruwa, ya bi ta da tsintsiya kamar yana sharar garken awaki. Ni ina nan ina ta fama dominku, shi yana kwance mini aiki."

Wani manomi ya nuna ni da yatsa ya ce, "Allah ya isa tsakaninmu da kai." Wani ya tofar da yawu. Duk wannan da sauƙi. Cikin masu zaman nan har da uban matata, dattijo daga Dabawa, mutumin da ko takalmi ba na sawa a gabansa. Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da sandarsa, can ya tashi ya tafi, ko takardar bai tsaya karɓa ba.

Ba a daɗe ba aka tura ni Kurfi gadin sito. Daga keken ofis na koma riƙon kulki. Sunan da aka laƙaba mini kuwa ya riga ni isa can: Hana-taki. A kasuwa, a wurin suna, a bakin masallaci, sai in ji an ce, "Hana-taki, an tashi lafiya?" a kwashe da dariya. Wanda bai taɓa ɗaukar irin wannan suna ba zai ce wasa ne. Ba wasa ba ne. Mutumin da geronsa ya yi ja saboda rashin taki, ba da wasa yake kiranka haka ba.

Yayana ya matsa mini lamba. Ya ce, "Ka je ka ba shi haƙuri, in ba haka ba a Kurfi za ka tsufa." Na ce haƙurin me? Ya ce, "Haƙurin shi babba ne, kai ba kowa ba." Ku ji fa. Haka na wanke rigata, na hau motar Dutsin-Ma, na je neman gafarar laifin da ban yi ba.

Na tarar Manaja yana da baƙi, wasu masu manyan riguna, an rufe ƙofa. Na zauna a benci ina jira. Ashe tun da na tafi ciwon bai bar kwamfutocin ba, har Injiniya ya zo ya tare a ofishin. Wai ya ce ciwon da ke ɓuya in likita ya zo, maganinsa likita ya zauna a gidan. Yana zaune kusa da Madam yana shan lemo, sai ta buga tebur.

"Ta ɗauke!" Ta juyo ta dube ni, ta dubi sauran. "To, ga shi nan zaune hannu a cinya. Yau kuma wa ya zuba ruwan?"

Injiniya ya ajiye kwalba ya tashi. Bai tambayi laifin wa ne ba, wayar ya bi. Ya fara daga ƙarshen da ke wajen Madam: wuta tana nan, hula tana nan daram. Ya shiga ɗakin akanta, ya raba wayar da ta wuce gaba, ya ciro wata 'yar hula daga aljihunsa ya toshe wurin. Nan take ta Madam da ta akanta suka ji juna.

Ya ce, "Daga nan zuwa baya lafiya lau."

Ya mayar, ya matsa ɗakin malaman gona, ya sake yin haka. Uku suka ji juna. Saura me? Saura ɗan guntun wayar da ya bi gindin bango ya shige ta ƙarƙashin ƙofar Manaja. Injiniya ya ce, "Madam, wane lokaci abin ya fi yi?" Ta rage murya ta ce, "In baƙi suka shiga aka rufe ƙofa."

Injiniya ya ƙwanƙwasa ƙofar Manaja.

"Ina ganawa da mutane!"

"Yallaɓai, a yi mini afuwa, aikin ne ya kawo ni nan."

Ya tura ƙofa. Ni kuwa na riga na taso na tsaya a bayansa, don haka ba labari aka ba ni ba, da idona na gani. Ga wayar nan an kwance ta daga ɗan ƙarfen, an rataye ta tsaf a hannun kujera. Kuma wayar nan ba ta faɗuwa da kanta, sai an murɗa take fita.

Injiniya ya ce, "Yallaɓai, wa ya kwance wannan?"

Kafin Manaja ya yi tunani bakinsa ya riga shi. "To ta ina zan san ba a jin maganata ta cikinta? Ba kai ka ce kowace tana ɗauko abin da ke wajen 'yar'uwarta ba?"

Injiniya ya riƙe baki. Ya ce, "Haba yallaɓai, ai ba ta da kunne. Rubutu kawai take ɗauka, shi ma sai wanda ka buɗe. Da ma ɗan ƙarfen ka zare gaba ɗaya daga jikin taka, da kai kaɗai ka fita. Amma ka raba wayar, ka kashe kowa."

Kun ji ciwon da ya gagari likita. Duk lokacin da masu hannu da shuni suka shigo a yi ƙus-ƙus kan buhunan taki, sai ya murɗe waya don kada akanta ya ji. In sun tafi ya mayar. Rashin sanin cewa waya ba ta da kunne ban ga laifinsa ba, ni ma ban sani ba. Amma kullum ya kwance sai ihu ya tashi a waje, kullum ya mayar sai aiki ya dawo. Ko jaki ne ya isa ya gane. Ya gane. Ran da ya kira ni jahili a baranda, wayar tana rataye a kujerarsa.

Na ce alhamdu lillahi, yau na wanku. Ashe da sauran wauta a kaina. Aka ja Injiniya ciki aka sake rufe ƙofa. Da ya fito bai iya haɗa ido da ni ba. Ya matso ya ce a hankali, "Malam, ka yi haƙuri. Ni waya aka aiko ni in gyara." Abin da aka sanar wa ma'aikata shi ne wai wayar ce ta saki da kanta, saboda jiƙon da ta sha a baya. Madam ta buɗe baki za ta yi magana, akanta ya ce, "Madam, a bar kaza cikin gashinta." Daga ranar kwamfutoci suka warke sarai. Ni kuma na koma Kurfi da kulkina, haƙurin ma ban ba da ba.

Na je Dabawa na durƙusa na gaya wa surukina duk abin da na gani. Ya ce, "Allah ya kyauta," da irin muryar da ake yi wa maƙaryacin da ake jin nauyinsa. Bai ji gaskiyar daga bakin da ya faɗi ƙaryar ba har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na koya shi ne, in abu ya lalace a bi shi daki-daki har ƙarshensa, kada a fara da neman wanda za a ɗora wa. Inji ana gyara shi da haka. Amma mutanenmu in bin ya kai su ƙofar babba, sai su ja birki, su juyo kan wanda ba shi da kowa. Kuma wanda ya ga gaskiya ya haɗiye, da shi aka yi.

Bayan wasu shekaru Manaja zai tafi aikin hajji. Kamar yadda ake yi, ya bi rassan ofis yana ban kwana. Ya iso sitonmu na Kurfi, ga leburori, ga manoma, ga direbobi. Ya bi kowa yana ba da hannu, har ya iso kaina yana murmushi.

"To, Malam, zan tafi ɗakin Allah. Zaman tare sai da saɓani, sai mu yafi juna."

Jama'a suka amsa, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ni ban amsa ba, ban kuma miƙa hannu ba. Wani dattijo ya taɓa ni ya ce, "Kai, alhaji ne fa ke magana." Na dubi Manaja ido cikin ido, na ɗaga murya yadda na bayan mota ma zai ji, na ce:

"Mu yafi juna, yallaɓai? Me na yi maka da za ka yafe mini? Faɗe shi, ga mutane. Ba ka da shi ko? To ni ina da nawa, kuma ban yafe ba. A gaban jama'a ka ɗaure ni da bakinka, in kana son yafiyata ka tara su ka kwance ni da bakin nan naka. In ba za ka iya ba, ga hanya, Allah ya kai ka lafiya. Amma ka sani, Wanda za ka je ɗakinsa ba ya bukatar waya kafin ya ji abin da aka faɗa a bayan ƙofa."