Babarbariyar da Ta Buɗe Mini Baki

Har na kai aji uku a firamaren wani ƙauye da ke gefen Shanono, babu malamin da ya taɓa jin muryata. Ba wai ban iya karatu ba ne. A raina nakan karanta duk abin da aka rubuta a allo, amma da an nuna ni sai harshena ya yi nauyi, in sunkuyar da kai. Mu Fulanin ruga ne, gidanmu yana can bayan gonakin gero, kuma an raine mu a kan yaro ba ya ɗaga murya gaban babba. Hedimasta ya ce duk wanda bai tashi ya yi karatu a ƙarshen shekara ba, zai maimaita aji. Mahaifina, da muke kira Baffa, ya ce in dai maimaitawa ce, gara in bi Innata tallan nono. Ina son makarantar nan kamar raina, amma ko wannan na kasa faɗa masa.

A shekarar aka kawo mana sabuwar Malama daga birni, doguwa, baƙa, mai yawan dariya. Ranar farko ta gaya mana kakanninta daga Borno suka zo, ita Babarbariya ce gaba da baya. Sai ta tambaya ko akwai Fulani a ajin. Yara suka nuna ni. Ta tafa hannu ta ce alhamdulillahi, ta samu mai ɗaukar mata jaka.

Kowa ya san akwai wasa tsakanin Barebari da Fulani, a tsokani juna babu mai fushi. Ni ban taɓa zaton wasan yana shiga aji ba. Kullum da safe sai ta leƙo bencinmu ta tambaye ni guga nawa na ruwa muka zuba a nonon yau. Ina da zuciya, baki ne ba ni da shi. Sai in yi ta tafasa a ciki, ita kuwa ko a jikinta.

Littattafai sun yi kaɗan, don haka ta raba mu huɗu-huɗu a benci, littafi ɗaya, ta ce aikin benci na kowa ne, in ɗaya ta kasa duka sun kasa. Abokan zamana 'ya'yan manoma ne, babbarsu 'yar mai ƙuli-ƙuli, wadda bakinta ba ya hutawa. Da farko sun yi ƙorafin an haɗa su da kurma. Daga baya suka lura in suka kakare a kalma, nakan raɗa musu ita. Tun daga nan suka riƙa matso mini da littafin, ana kuma ɓallo mini ƙuli lokacin tara.

Wata Laraba Malama ta rubuta a allo cewa saniyar Fulani ba ta kai akuyar Barebari ba, ta ce kowane benci ya rubuta amsa. Wannan kam ta kai ni bango. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Malama, akuyar taku ko ɗan maraƙinmu ba ta kai ba."

Ajin ya kece da dariya. Malama ta dafe ƙirji wai an ci mutuncin Borno, ta zauna a kujera tana share hawayen dariya. Na ji kunya, na kuma ji wani daɗi da ban taɓa ji ba.

Daga ranar duk ajin ya koma Fulani. 'Ya'yan manoman da ko tatsa ba su iya ba suka ce su ma 'yan ruga ne. Malama ta rubuto tsokana, mu haɗa kai mu rubuta martani, sharaɗinta ɗaya: sai an tashi an karanta da ƙarfi. Bencinmu ni suke turawa, wai ni ce mai gadon faɗan. Sai da na girma na gane yawan karatun da ta ɗura mana ta wannan hanya.

Ranar gwaji Hedimasta ya miƙo mini littafi, tsohon nauyin nan ya dawo. 'Yar mai ƙuli-ƙuli ta riƙe gefen hijabina ta ƙasan benci. Daga bayan aji na ji Malama tana cewa a hankali, ai dama ta san Fulani da gudu. Na karanta shafin har ƙasa, na juya na gaba, sai da Hedimasta ya ce ya isa.

Da na gaya wa Baffa na wuce zuwa aji huɗu, sai kawai ya ci gaba da ɗaure maraƙi. Amma ranar da aka koma hutu, shi da kansa ya rako ni, riƙe da hannun ƙanwata. Ya tsaya a ƙofar aji ya gaishe da Malama, ya tura yarinyar gabanta.

"Ga wata na ƙaro miki. Waccan kin buɗe mata baki, yanzu ba ma barci a gida. Wannan ma ki yi mata yadda kika yi wa yayarta."