Tabon da Ya Raba Ɗanmaliki da Yayansa

Ɗanmaliki mutumin Jabo ne, ɗan kabu-kabu mai ɗaukar fasinja a babur, kuma tun yana da lafiya ba ya ɗaukar raini. Fasinja ya cika surutu, sai ya sauke shi a tsakiyar hanyar Tambuwal ya yi gaba. Duk da haka mata masu zuwa kasuwa shi suke jira, don bai taɓa kayar da kowa ba.

Basir ne ya fara kama shi. Yayansa Na'iya, mai kiwon shanu a wajen Fakku, ya zo masa da wani mai magani da yake ta yabo. Mutumin ya shafa masa wani ruwa mai ƙuna a dubura, ya ce tsiron zai bushe ya faɗi. Tsiro kam ya faɗi, amma ruwan har da naman wurin ya ci. Da gyambon ya warke, sai tabo ya tsuke mafitar. Bayan gida ya koma fita siriri, da ƙyar, da jini da gumi. Ɗanmaliki ya daina cin tuwo don tsoron abin da zai biyo baya. Ya koma wa kunu, ya rame, ya jingine babur.

Ciwon ba na faɗa a majalisa ba ne, sai haushin ya ƙare a kan mutanen gida. Matarsa Hamdiya ta kawo abinci ya ture, ta yi masa sannu ya ce ba'a take yi.

Ana haka Na'iya ya sake zuwa da ƙunshin sassaƙe a hannu. Ɗanmaliki na kwance a zaure, ko sallamarsa bai amsa ba.

"Mi kaka nema gidana, Yaya? Na farko bai kashe ni ba, ka taho ka ƙarasa?"

Na'iya ya ce, "Kai da bakinka ka rantse ba ka zuwa asibiti a tuɓe maka wando. Yanzu ni ka da laifi?"

"Allah ya isa tsakanina da kai!"

Ya wawuri buta ya jefe shi. Na'iya ya kakkaɓe rigarsa, ya ce in ya ƙara tako gidan a kira shi da wani suna.

Ranar da cikin Ɗanmaliki ya kumbura har yana amai, Hamdiya ba ta nemi izninsa ba. Ta kira maƙwabta suka cicciɓe shi cikin mota sai Sakkwato, yana zaginsu har aka isa. Likita ya duba, ya ce tabon ƙunar ne ya ƙuntata hanyar. Aka yi masa tiyata aka faɗaɗa, aka koya masa yadda zai kula da wurin kada ya sake tsukewa, aka ce ya riƙa cin ganye da shan ruwa da yawa.

Ya warke, amma zama bisa babur ya gagare shi. Yanzu rake yake sayarwa a tashar Tambuwal, yana faɗa da duk wanda ya taɓa bai saya ba.

Da Hamdiya ta haihu bara, Na'iya ya karya rantsuwarsa ya zo suna da rago. Dattawan unguwa suka shiga roƙon Ɗanmaliki ya fito su gaisa. Ya ce a ba baƙon abinci a zaure, a kuma mayar masa da ragonsa. Yana ɗaki har Na'iya ya ɗaure ragon a bayan babur ya kama hanyar Fakku.