Igiyar Baba

Jiya na kai wa Baba abinci inda yake gini a Sarkin Dawaki, na tarar yana fitar da kusurwar ɗaki da igiya: ƙafa uku nan, huɗu can, biyar a tsakani.

Na ce, "Baba, lissafin nan ne fa ya kayar da ni a jarrabawar gama sakandare, har sau biyu."

Ya miƙo min igiyar. "Riƙe, Rahila. Ban taɓa zama a aji ba, amma bangona bai taɓa karkacewa ba."

Sau huɗu na auna kafin ya yarda da kusurwata.

Yau na kakkaɓe littattafaina. Zan sake rubutawa a bana, kuma sai na ci.

Ku wa ya koya muku abin da ya gagare ku a aji?