Rogon Kwana Uku na Lusungu Mphande

Na koyar da Lusungu Mphande lissafi a aji shida, a makarantar mishan ta ƙauyenmu da ke bakin tafki, inda ni ma na yi karatu tun ana rubutu a kan allon dutse. Ni na koya mata cewa abin da aka ƙirga ya fi abin da aka kintata. A aji ta sha jin wannan daga bakina.

A shekarar da aka yi fari, 1992, uwarta ta kwanta asibiti wata biyu, Yuni da Yuli. Girki ya koma hannun Lusungu, tana da shekara goma sha uku. Matanmu suna jiƙa rogo mai ɗaci a tulu, sai sun danna da babban yatsa sun ji ya yi laushi kafin su tsame, su shanya, su daka. Ita kuwa ta tambayi kwana nawa ake yi, aka ce kamar uku. Ta rubuta uku a bango da gawayi. Amma a ƙasarmu watannin sanyi ne, ruwa ba ya cin rogo da wuri. Kafin uwar ta dawo, ƙafafun ƙaninta Gomezga sun sandare. Har yau a kan yatsu yake tafiya, da sanda.

Babu wanda ya ce ita ce. Babu kuma wanda ya ce ba ita ba ce.

Ta yi digiri a fannin noma, ta yi shekara tara tana duba hatsi a rumbunan gwamnati. Wata Asabar ta zo mini da takardun neman digiri na biyu a kimiyyar abinci, don in gyara mata Turanci. Jami'ar ta ba da hanya biyu: shekara ɗaya ta darasi da jarrabawa, ko shekara biyu ta bincike. Ta biyun ta zaɓa. Ana son wasiƙun malamai biyu da bayanin abin da za a bincika. Makinta na kimiyyar sinadarai bai kai ba, sai da ta ƙara shekara guda tana cike gibin. An kuma yi mata tayin karatun sarrafa madara a ƙasar waje, ta ƙi.

Na karanta bayanin. Za ta jiƙa rogo a ruwan sanyi daga kwana ɗaya zuwa shida, ta auna gubar da ta rage a garin.

Na ce, "'Yata, je ki yi madarar nan."

Ta ce, "Malam, Turancin kawai na kawo."

Na gyara waƙafi huɗu, na miƙa mata.

Bayan shekara uku ta dawo da kundi mai baƙin bango. Ta roƙe ni in raka ta bakin ruwa, inda Gomezga ke ɗinke komar kamun kifi a ƙarƙashin mangwaro.

Ya ce, "A'a, Likitar Rogo! Yaya, shekara uku a birni kina jiƙa abin da kaka ke jiƙawa ba takarda? Malam, ita ma kakar a ba ta hular digirin mana."

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe shafi na sittin da ɗaya ta karanta masa. A ruwan Yuli, kwana uku ba ya fitar da ko rabin gubar. Sai shida.

Ta ce, "Ni ce, Gome. Na auna sau goma sha biyu."

Bai ɗaga kai daga komar ba.

"Wannan ne aka ba ki digiri a kai? Ai da kin tambaye ni. Tuwon nan ɗaci yake kamar maganin zazzaɓi, tun ranar farko."

"To me ya sa ka ci?"

"Kina tsaye a kaina da muciya, ido duk hawaye. Ke ba kya ci, sai ki juye mini naki." Ya ciji zaren ya tsinke. "Riƙe min nan."

Ta ajiye kundin a kan yashi ta riƙe masa bakin komar. Ya ci gaba da ɗinki.

Yanzu tana zagaya ƙauyuka a kan babur tana koya wa mata jiƙon rogo. An ce ba ta faɗin adadin kwana, ko an matsa mata. Yatsan mace take kamawa ta danna a kan rogon. Idan ta zo gida takan ci kifi da dankali, ba ta taɓa tuwon rogo, ko wa ya tuƙa.