Ɗorawar bayan gidanmu

Ranar Talata ce, lokacin da ɗorawa ta nuna. Rana na fitowa mijina Dauda ya hau itacen da ke bayan gidanmu da ƙugiya. Yana kaɗo ɗorawa, 'yarmu Rifkatu tana tsincewa a kwando. Ni na goya ƙaramin ɗanmu na gangara rafi wanke kalwa, don daddawa nake kai wa kasuwar Bena.

Da hantsi na ji babura. Na ɗauka 'yan kasuwa ne. Sai harbi ya tashi daga wajen coci, karnuka suka ɗauki haushi. Na kwanta cikin kwazazzabo, na sa wa yaron nono a baki. Daga nan ina hangen itacen.

Mutum uku suka tsaya ƙarƙashinsa.

"Kai, sauko!"

Dauda ya saki ƙugiyar, ya fara saukowa. Ya kai rabi suka harbe shi. Bai faɗo ba, reshe ya tare shi. Na ji suna dariya.

"Ke, hau nan!"

Rifkatu ta hau babur da kwandon a hannunta. Ɗaya ya fizge ya jefar. Suka cinna wa rumbunanmu wuta, iska ta kai ta jikin itacen.

Ban motsa ba sai azahar. Na bi rafin ba takalmi, na haɗu da matan garinmu, muka ratsa daji. Wata tsohuwa ta zauna a hanya ta ce mu je. Muka tafi. A Ribah wata motar gawayi ta kwashe mu zuwa Zuru. Maza ne suka koma suka sauko da Dauda, suka binne shi a gindin itacen.

Bara na bi masu komawa duba gonaki. Babu rufi ko ɗaya a garin. Ɗorawar tana nan, gefe guda baƙi ƙirin, ɗaya gefen ya yi 'ya'ya har rassan sun sunkuyo. Matan suka tsaya suna kallo, wata ta fara waƙar coci a hankali. Na sami sanda na kaɗo abin da hannuna ya kai. Da shi na sake ɗora tukunyar daddawa, da shi muke ci.

Yaron yana gudu yanzu, yana magana. Da damina an sako wasu daga cikin 'yan matan da aka kwashe. Na je na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Rifkatu ba ta ciki. Bana take cika sha huɗu.