Tayoyin da Malam Bawa Ya Ƙi Ɗaurawa

Allah ya saka wa manyan garin Illo da alheri, mutane ne masu saurin gane gaskiya. Kafin labarin rasuwar Malam Bawa mai faci ya ƙetare kogin Kwara ya iske ni a kasuwar Bagudo, su har sun riga sun gano cewa mutumin kirki ne. Ina tsakiyar awon yadi wani direba ya tsaya a bakin rumfata ya ce, "Malam Isa, abokinka ya cika da hantsi. Amma ka ga motoci a ƙofar gidansa kuwa?" Na yi salati, na naɗe yadin, na ba mai saye haƙuri. A cikin jirgin fito na yi ta tunani: shekara shida mutumin nan yana zaune a gindin tsamiya a hanyar Lafagu, ban taɓa ganin ɗaya daga cikin motocin nan ta rage gudu don a gaishe shi ba.

Na iske an riga an kai shi makwancinsa. A tabarmar gaba ga Alhaji Ɗan Ikko, babbar riga har ƙasa, yana cewa, "An yi rashin gwani. Duk ƙasar nan babu wanda ya san taya kamar marigayi." Jama'a na gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, don wurin makoki ba wurin gardama ba ne. Amma takarda ba tabarmar makoki ba ce, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Rumfarsa da tawa zana ɗaya ta raba su a tashar Illo. Ni ina sayar da yadi da duk wani abin da ya iya ƙetaro iyaka daga Dahomai ba tare da ya yi surutu ba. Shi kuma yana faci. Na yi aji huɗu a elementare, don haka in aka kawo masa baƙuwar taya sai ya ƙwala mini kira: "Isa, zo ka karanta mini abin da Nasara ya rubuta ga haƙarƙarin wagga." In na gama karatu da fassara, ina hura hanci, sai ya ce, "To, mun ji ta bakin Nasara. Saura mu ji ta bakin taya."

Yadda yake jin ta bakin taya ban ga wani yana yi ba. Zai danna farcen babban yatsa a jikin robar, ya tsaya ya ga ko shaidar za ta koma da wuri. Sai ya watsa mata ruwa da buta, ya gara ta a kan ƙasar da za ta yi aiki, ya tsuguna yana karanta sawun kamar mafarauci. In mota ta dawo daga tafiya kuwa, kafin direba ya sauko ya riga ya ɗora tafin hannu a wuri uku, gefen ciki, tsakiya, gefen waje, ya ce wa mutum iska ta yi yawa, ko ya ce masa yana shan kwana kamar ana bin sa. Yakan ce, "Duk girman mota, a kan tafin hannu huɗu take tsaye. Sauran duk ado ne."

Kullum da safe kafin ya buɗe akwatin kayan aiki sai ya zagaye tasha yana jan maganaɗisu a igiya, yana tsince ƙusoshi yana zubawa a gwangwani. Na taɓa ce masa, "Malam, kai kaɗai na san mai faci da ke tsince abincinsa yana ɓoyewa." Ya ce, "Isa, ƙusar da ta huda taya ba ta ƙin ƙafar mutum."

To, sai ga shekarar samun mulkin kai. Ɗan Ikko a lokacin bai je Makka ba tukuna. Ɗan gari ne da ya yi akawu a Ikko ya dawo da kwangila da bakin magana a wurin manya. Da wani Bature zai koma gida, sai ya sayi motarsa: ja, kujera biyu, ba rufi, cikinta na neman shafar ƙasa, ko buhun gero ɗaya ba inda za a sa. Can ƙetaren iyaka kuma akwai wani Bafaranshe mai sayen auduga da ke da irinta, shuɗiya. Aka yi cacar baki, aka tsayar cewa cikin shagalin bikin za su yi tsere a filin da aka share don saukar jirgin sama, a zagaye shi sau biyar. Filin jan burji ne, yana da kwana guda mai tsanani kusa da wata kuka. Gari ya ɗauka: ranar da aka sauke tutar Nasara, ɗan ƙasa zai bar Nasara a baya.

Ɗan Ikko yana da wata mujallar Turawa mai hoton motocin tsere. Ya ɗora yatsa a kan tayoyin hoton ya ce irinsu yake so. Ni na kawo su. Ba wanda ya taɓa faɗin wannan a fili, ni ma ban faɗa ba sai yau. Na aika Kwatano, suka zo a ƙarƙashin dilolin atamfa, guda huɗu, baƙi wuluk, masu faɗi kamar faifai, zanen jikinsu ɗan siriri kamar an ja shi da tsinke.

Aka gara su zuwa rumfar Malam Bawa, rabin tasha na biye. Ya sa na karanta rubutun, ya danna farce, ya yi murmushi irin na wanda ya ga doki mai kyau. Sa'an nan ya ciro ɗaya daga cikin tsofaffin tayoyin da Baturen ya bar wa motar, siririya, mai haƙora masu zurfi. Ya jiƙa su duka biyu, ya gara su gefe da gefe a kan tsakuwar tasha. Sabuwar ta bar shaida kamar an ja tabarma. Tsohuwar ta bar sawu layi-layi, ta tono tsakuwa ta kama ƙasar da ke ƙasa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wagga sabuwa ban taɓa riƙa taya mai kyawunta ba. Robarta laushi gare ta, in ta ɗau zafi bisa kwalta manne mata takai kamar ƙaro. Amma ina kwalta nan? Bisa tsakuwa ba ta da abin cizo, yawo za ta yi bisa duwatsu kamar an zuba mata wake. Wagga tsohuwa ba ta da kyawun gani, amma ta san burji. A bar ta, in rage mata iska kaɗan."

Ɗan Ikko ya ce, "Malam, a Turai da waɗannan ake cin tsere. Ga hoto."

"Na ga hoto. A sake duba ƙarƙashin motar cikin hoton, a gani ko ƙasar Illo ce."

Aka yi dariya, kuma dariyar nan ita ta jawo komai. Fuskar Ɗan Ikko ta canza, ya ce, "Ɗaura su na ce."

Malam Bawa ya goge hannu a tsumma ya ce, "Ba ni ɗaura su. In kwanar kuka ba ta amshe ka zagayen farko ba, tana amsarka na uku, sa'ad da ka saki jiki. Hannuna ba ya cikin wannan."

Aka ɗauko wani makaniki daga nesa ya ɗaura. Ana gobe tsere kuma direban Bafaranshen ya kawo shuɗiyar mota a duba mata iska. Malam Bawa ya duba, ya ga sirara ne masu haƙora, ya rage musu iska kamar yadda ya so ya yi wa ta Ɗan Ikko. Na raɗa masa ta cikin zana, "Malam, ana kallonka fa. Za a ce ka taimaki Nasara." Ya ce, "Wanda ya kawo mini taya shi nika dubawa. Taya ba ta san tuta ba."

Ranar tsere tun da sassafe ya rufe akwatinsa ya tafi filin. Matan Fulani masu nono da masu tuyan ƙosai sun riga sun baje a inuwar kuka, daidai bayan kwanar, don nan ne kallo ya fi daɗi. Ya ce su tashi su koma can tsakiyar fili. Suka ƙi. Hajo mai nono, wadda bakinta ya fi wuƙar mahauci, ta ce, "Kai Bawa, kukar ta gidanku ce? Ko kai aka naɗa sarkin inuwa?" Sai kawai ya matso. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryarta ya ɗora a ka, dattijo da gemunsa, ya ƙetare fili da ita. Ta biyo shi tana zagi da Fulatanci da Dandanci, ya dawo ya ɗauki ta gaba. Haka ya kwashe su kaf, har da kaskon mai, yana ƙone yatsu, jama'a na ta sowa ana cewa mai faci ya taɓu.

Aka saki motoci. A miƙe, jar motar ta wuce shuɗiyar kamar tana tsaye, mu duka muna ihu, ni har hulata na jefa sama. A kwana ta farko gindinta ya kaɗa gefe kamar wutsiya ya dawo. Ta biyu ma haka. A ta uku Ɗan Ikko ya shigo da ƙarfinsa, ya murɗa sitiyari, motar ta ce ba da ita ba. Ta tafi a karkace, ta ratsa daidai inda ƙoren nono suke da safe, ta bi ta kan duwatsun murhun mai ƙosai, ta je ta daki suri ta tsaya. Wanda ya fara isa ya jawo Ɗan Ikko daga ciki, kafaɗa a karye, Malam Bawa ne.

Mai karatu zai zaci an yi masa godiya. Ai manyanmu sun fi haka zurfin tunani. Kafin la'asar magana ta zagaye gari: ta yaya mutum zai san kwana, ya san zagaye, har ya san inda mota za ta bi, in ba shi ya aika ta ba? Aka ce ya yi wa ɗan ƙasa baki don Nasara ya ci. Aka ce ba ya son ci gaba. Bayan kwana uku aka zo aka tuge rumfarsa daga tasha. Ina nan tsaye. Na san daga inda tayoyin suka fito, na ji abin da ya faɗa da kunnena, ni na karanta rubutun da ke cewa na kwalta ne. Abin da na yi kawai shi ne na riƙe zanar da ta raba mu don kada ta faɗo wa yadina.

Ya kwashe famfonsa da gwangwanin ƙusoshinsa ya koma gindin tsamiya. Sunan Mai Baki ya bi shi can, ya bi iyalinsa har bakin rijiya. Direbobi suka ci gaba da zuwa wurinsa, amma sai sun waiga tukuna. Baba Sande, wani makaniki Bayarabe da ke cikin gari, shi kaɗai ke tura masa aiki da rana tsaka yana faɗi da ƙarfi, "Kai wa Malam Bawa, ni inji na sani, shi ya san ƙafa!" Hajo kuma ba ta fasa zaginsa ba, amma kullum in za ta shiga gari sai ta ajiye masa ludayin nono biyu ta wuce.

Sai da na shekara kafin na iya zuwa. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na fara kame-kame, ya katse ni. Ya ce, "Isa, kai ba ka kawo muguwar taya ba. Taya ce ta ƙwarai. Ƙasarta ce ba ka kawo ba." Ya miƙo mini tub ya ce in riƙe masa cikin ruwa mu ga inda ke kumfa. Bai sake ta da maganar ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma ban taɓa jin ya ambaci Ɗan Ikko da mugun suna ba. Ni ne ba ni da irin wannan haƙurin.

Saboda haka ga abin da na zo faɗi, kowa ya ji. Malam Bawa bai yi wa kowa baki ba. Ya jiƙa taya ya gara a ƙasa a gaban idonmu, ya faɗi abin da ya gani, ya ƙi sa hannu a abin da zai kashe mutum, ya ɗauki ƙwarya a ka ya zama abin dariya don kada a ɗauki gawa. Duk wanda ya sake kiran 'ya'yansa da wancan suna, ya zo rumfata ya kira ni da shi, ni na kawo tayoyin. Wurinsa na tasha kuma har yau fili ne, awaki ke kwana a ciki. Ɗansa Umaru magidanci ne, ya gaji hannun uban. Waɗanda suka iya tuge rumfa cikin kwana uku ba za su rasa yadda za a kafa ta ba, in yabon da na ji a kan tabarma ba na tabarma ba ne kawai.

Allah ya jiƙan Malam Bawa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ƙusoshin da ya tsince daga hanyar bayin Allah su yi masa nauyi a mizani. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya rufa musu asiri, ya tsaya wa Umaru da ƙannensa. Mu da muka yi shiru a ranar magana, Allah ya yafe mana, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Da aka shafa fatiha Alhaji ya tashi, na raka shi bakin motarsa, sabuwa fil, don ladabi. Yana sallama da jama'a na sunkuya kamar mai gyara takalmi na leƙa ƙarƙashinta. Sirara ne, masu haƙora masu zurfi, an ɗan rage musu iska. To jama'a, in maganar marigayi baƙin baki ce, wa ya ba Alhaji shawarar taya?