Wasiƙar da Marka Ta Sha

Inde ba ta taɓa karanta ko baƙi ɗaya ba har ta koma ga Mahaliccinta. Amma a shekarar da aka tsare tafkin Madarumfa, babu wasiƙar da ta fita daga Gawon Ruwa ko ta shiga sai a bisa kanta.

Gawon Ruwa ƙaramin gari ne mai ganuwa, bayansa ga tudu, gabansa ga tafki. Shekaru kaɗan kafin Nasara su iso ƙasar, mai garin ya rasu ya bar 'ya'ya biyu maza, kowa na ganin rawanin ya fi dacewa da kansa. Babban ya riga ƙanensa shiga gidan sarauta, ya sa aka rufe ƙofofin gari ranar kasuwa. Ƙaramin ya tara mutane ya zauna a tudu, ya kuma ɗauko masu jirgi daga nesa da kwale-kwale huɗu, ya ce ko kwaɗo ya fito daga garin ta ruwa a mayar da shi.

Wata uku ana haka. Gishiri ya ƙare. Aka koma dakan bado, aka fara cire ƙyauren ɗaki ana hura wuta. Su ma masu jirgin ba daɗi suke ji ba, rana ta gasa su, sauro ya ƙarasa. Idan zaman ya ishe su sai su matso kusa da ganuwa su ɗaga murya.

"Mutanen Gawo! Mun ci tuwo da man shanu, a kawo muku suɗi?"

Mata su leƙo ta saman ganuwa su ce, "Ku ƙara da sauro, 'yan haya! Uwayenku ma sun manta kamanninku!"

Abin da ya fi yunwa ciwo shi ne rashin labari. Rabin mutanen da ke cikin ganuwar baƙi ne da suka zo cin kasuwa aka rufe da su, iyalansu na hayin tafki, ba wanda ya san wa ke raye.

Nan ne aikin Inde ya tashi. Bazawara ce a lokacin, doguwa, ba ta da yawan magana, tana ƙyafa kifi a unguwar masunta. Ubanta mai kamun tsuntsayen ruwa ne wanda bai taɓa riƙe baka ba. Ƙorai yake zubawa a tafki su yi kwana uku suna yawo, har dinya ta saba da su. Sa'an nan ya kifa masaki mai huji biyu a kansa, ya shiga ruwa har wuya, ya bi cikin ƙorai ya jawo dinya ta ƙafa. Da yake Allah bai ba shi namiji ba, Inde ya koya wa. Abu ɗaya yake nanata mata: "Kada ki yi tafiya, Inde. Ƙwarya ba ta tafiya, iska ke kai ta."

Sai ta bi gida gida tana karɓar tsofaffin ƙorai, tana sakin su ta magudanar ganuwa. Da farko masu jirgi suka yi ta sokar su da mashi. Kwana biyar suka gaji, suka ce yunwa ce ta taɓa kan matan garin. Rana ta shida, da tsakar rana, lokacin da kowannensu ya lulluɓe kai da riga, wani masaki ya bi iska ya ƙetare tafkin. A cikin rufinsa akwai takardu bakwai, an naɗe su, an manne da kakin zuma.

Malam Shu'aibu ke rubuta su. Tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi, takarda kuwa gefen littattafansa yake yankowa siri-siri. Ranar farko ya gargaɗe ta.

"Inde, abin da ke cikin takarda amana ne."

"Allah gafarta Malam, ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Ni jaka ce kawai. Ka taɓa jin jaka ta yi magana?"

Ta yi ƙetare goma sha ɗaya lafiya. Na goma sha biyu shi ne na Ɗanjuma.

Ɗanjuma manomi ne daga ƙauyen Kalgo, can hayi, wani zanƙalelen mutum mai dogon taki kamar zalɓe. Kafin a rufe gari, da ya ga mayaƙa sun fara fasa rumbuna, ya ɗebi irin gero na gidansu duka, tulu uku, ya liƙe da laka, ya binne shi kaɗai. Ko uwarsa Marka da matarsa Dije bai gaya wa wurin ba, don kada a doke su su faɗa. Washegari ya shigo gari gyaran hauya, ƙofa ta rufe da shi. Yanzu ga bazara ta yi nisa, gabas ta fara haɗa baƙi da la'asar, an kwashe rumbunan Kalgo tas. Idan ruwan shuka ya sauka ba a tono tulunan nan ba, gida mai baki goma sha huɗu ba shi da abin zubawa a rami.

Ya durƙusa a zauren malam ya kai baki kunnensa. Inde na zaune a ƙofa tana murza kaki. Abin da Ɗanjuma bai sani ba, Malam Shu'aibu ba ya iya rubuta kalma sai ya faɗe ta, kuma kurma bai san ƙarfin muryarsa ba.

"Malam, rage murya, don Allah!"

"Ka ce mi?"

"Na ce rage murya!"

"To, ai kai ke ihu. Ci gaba."

Inde ba ta ɗaga kai ba.

Ƙetaren ranar ya zo da masifa. Wani ya kai wa masu jirgi tsegumi. Tana tsakiyar ruwa, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ta rungume gora a cikinta don kada ta nutse, sai ta ji kwale-kwale na tsaga ruwa. Ƙwaryar da ke damanta ta fashe. Ta hagu ta fashe. Mashi na uku ya shafi gefen masakinta ya yage mata kafaɗa. Ba ta motsa ba. Ta bar iska ta juya ta kamar yadda take juya fanko, jini na tafiya ƙarƙashin ganyen bado. Ta ji babbansu, wani Mamman mai muryar jaki, yana cewa, "Wannan ba kowa. Amma daga yau duk ƙwaryar da kuka gani ku fasa ta, ko ta shan fura ce." Ta san hanyar ta mutu.

Ta fita a cikin ciyawar hayi da la'asar, ta cire matsattsaku daga ƙafafunta, ta nufi Kalgo. Mai karatu ɗaya ne a ƙauyen, ya tafi bikin suna a garin Safo, sai gobe. Ta miƙa wa Marka takardar.

"Inna, ga saƙon ɗanki. Yana nan da rai. Malam ne ya rubuta. Ki adana har mai karatu ya dawo."

Dije ta ja ta ɗaki don ta wanke mata rauni.

Marka tsohuwa ce ta gidan Azna, masu bin al'adar kakanni. Tun da aka haife ta ba a taɓa aiko mata da wasiƙa ba. Rubutun malam kuwa ta san shi sarai: in ciwo ya ƙi jin saiwa, akan je a karɓo, a wanke a ƙwarya, a sha. Wata uku ƙirjinta na mata nauyi don rashin ɗanta. Ga shi ɗan ya tuna da ita, ya je wurin malam, ya aiko. Me za a jira?

Da Inde da Dije suka fito, sun tarar da ita zaune a gindin rumbu, leɓunanta baƙi, takardar na shawagi a ƙwarya fara fat. Tawadar gawayi da ƙaro ba ta jure ruwa.

Dije ta ɗora hannu a ka. "Inna! Mi kika yi?"

"Na sha. Har na fara jin sauƙi."

"Wasiƙa ce, Inna! Magana ce! Mi zai aiko in ba wurin da ya binne iri ba?"

Marka ta dubi ƙwaryar, ta dubi surukarta. "To, magana a takarda? Ba a baki ba?" Ta sa yatsa ta ɗago takardar, ta narke mata a hannu. "Na shanye abincin jikokina."

Iska ta taso daga gabas, mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa. Kowa a gidan ya san wannan ƙamshin. Ruwan shuka ba zai wuce kwana ɗaya ba.

Inde ta tsaya tana duban tafki daga nesa. Komawa babu. Ta kuma san abin da zai biyo baya idan ta buɗe baki: kowa zai gane jakar tana da kunne, duk sirrin da aka ɗora mata tun ƙetaren farko yana nan a ajiye, ba kuma wanda zai sake sakin jiki a gabanta. Ta ce da Dije, "Kore yara. Ki rufe ƙofa."

Ta zauna a ƙasa gaban Marka, ta rufe ido, ta gyara murya. Abin da ya fito ba muryar Inde ba ce.

"Gaisuwa ga innata Marka. Ka ce mata ina nan lafiya, ƙafar nan ma ta daina."

Raɗar Ɗanjuma ce, da ɗan tsayawar da yake yi kafin ya ambaci sunan uwarsa, da jan hancinsa. Sai wata murya ta biyo baya, tsohuwa, mai ƙarfi, tana jan kowace kalma: "Gai-su-wa ga in-na-ta..." har da tarin Malam Shu'aibu, har da ƙarar alƙalami a bakin kurtu. Dije ta ja da baya har ta bugi bango. Marka ta miƙa hannu ta shafa fuskar Inde, kamar mai neman inda ɗanta ya ɓuya a ciki.

"A je kukar da tsawa ta raba biyu. A ba tafki baya. Taki goma sha bakwai. Takina, Malam, rubuta takina, ba na Dije ba, ita kamar kaza take tafiya."

Dije ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Shi ne! Wallahi shi ne, ɗan banza!"

Suka ɗauki hauya da sauran rana. A gindin kukar Dije ta buɗe ƙafa iyakar ƙarfinta ta ƙirga goma sha bakwai. Aka haƙa har gwiwa, babu. Ƙanen Marka ya gwada nasa takin, aka haƙa, babu. Gabas ta yi baƙi ƙirin, tsawa ta fara gunaguni.

Inde ta ce, "Ku matsa."

Sau ɗaya ta taɓa ganin Ɗanjuma yana tafiya, daga zauren malam zuwa bakin hanya. Ta jingina da kukar. Ta sauke kafaɗa ɗaya, mai raunin, ta tura wuya gaba, ta jefa ƙafar dama tana ɗan jan ta hagu, har tana karkata kaɗan kamar yadda mai ciwon ƙafa ke karkata ba tare da ya sani ba. Waɗanda suka gani sun ce gashin jikinsu ya tashi, don daga baya ba mace suke kallo ba. Ta tsaya nesa da ramukan biyu, wajen hagu.

"Nan."

Sara na huɗu hauya ta yi ƙara a kan tulu. Marka ta fasa lakar da hannunta, ta cusa hannu har gwiwar hannu, ta ɗago. Gero busasshe, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ba. Ɗigon farko ya faɗo a tafin hannunta, a kan irin.

Ruwan da ya ba Kalgo shuka shi ya kashe yaƙin. Mayaƙan tudu manoma ne, da suka ji ƙamshin ƙasa suka fara sulalewa biyu biyu. Masu jirgi suka ga ba mai ciyar da su, suka ɗauke kwale-kwalensu. Dattawa suka shiga tsakanin 'yan'uwan. Da Ɗanjuma ya iso gida, gero ya kai masa gwiwa.

Abin da Inde ta ji tsoro ya faru. Labari ya bazu, mutane suka riƙa yin shiru in ta shigo wuri, mata a bakin rijiya suka koma magana da ido. Malam Shu'aibu ya aika aka kira ta.

"Inde, kin ce ke jaka ce."

"Allah gafarta Malam, kai ne ka cika ta. Ni ban roƙa ba."

Ya ce, "Nawa ke ciki?"

"Duka."

Bayan shekaru, wata irin ziyara ta fara. Da yawa cikin waɗanda suka aika wasiƙa ba su fita daga ganuwar da rai ba, takardun kuma gara ta ci. Sai ka ga mace ta zo daga garin Sarkin Yamma da ƙafa, ta tsuguna a inda Inde ke ƙyafa kifi, ta ce, "Iya, mijina ya aiko mini a shekarar tsare ruwa." Inde ta tambayi sunansa, ta kore kowa, ta rufe ido. Ba ta taɓa faɗa wa wani wasiƙar da ba tasa ba. An yi mata alkawari, an yi mata barazana, ta ce ba ta tuna ba.

Kowace kaka, damin farko na gidan Marka a ƙofar Inde ake sauke shi. Marka da kanta take rako shi, tana dogara sanda, har ƙafa ta ƙi. Kuma har ta mutu ba ta yarda ta yi kuskure ba. In Dije ta tsokane ta da zancen, sai ta ce, "Ke dai yi mini shiru. Na sha rubutu, kafin rana ta faɗi na ji muryar ɗana a tsakar gidana. Ke wane magani kika taɓa sha ya yi miki haka?"